Kaz Dudek Ba Ya Jiran Goma

Fina-finan dambe da muka yi a ƙananan kamfanonin titin Gower, ni kaina ban san adadinsu ba. Duk labarin ɗaya ne: yaro talaka, uwa marar lafiya, 'yan caca, sai turmin ƙarshe. Cikin mako guda an gama fim an shiga wani. Ni nake fitowa a alƙalin wasa, aikina in durƙusa in ƙirga. Wanda nake ƙirga wa kuwa kusan kullum Kaz Dudek ne.

Kaz ɗan ma'aikacin mayanka ne daga Chicago. Ya daɗe yana damben gaske, bai taɓa cin kambu ba, amma ba a taɓa ƙirga masa goma ba. Ko sau nawa aka kayar da shi, kafin alƙali ya ce tara ya miƙe. Da ƙarfi ya ƙare sai ya zo mana da hanci a baje, kunnuwa kamar ƙosai. Irin fuskar da kyamara ke so ke nan, aka ɗauke shi aikin faɗuwa. Jarumi ya naushi iska, Kaz ya karkace kai ya zube, ya kwanta har in gama ƙirga. Duk titin babu wanda ya kai shi iya faɗuwa.

Sannu a hankali kansa ya fara kwancewa. Ya manta hanyar gida, ya riƙa kirana da sunan wani alƙali da ya mutu tuntuni. Matarsa Loretta, mai guga a ɗakin tufafin kamfani, ta shiga kawo shi da safe tana mayar da shi. Likita ya gaya mata abu biyu: kada a ƙara dukan kan nan, kuma in riƙonsa ya gagare ta, sai asibitin masu taɓin hankali na jiha. Ta je ta ga wurin da idonta, ta dawo ta kasa cin abinci. Guga kaɗai kuwa ba za ta riƙe mutum biyu ba. Faɗuwar Kaz ce ke ajiye Kaz a gida.

Ana nan sai wata rana ana cikin ɗaukar fim na ce takwas, Kaz ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu. Aka fashe da dariya. Aka sake ɗauka, ya sake miƙewa, dariya ta ɗauke. Da zarar ya ji ƙirga sai ya manta fim ne, jikinsa ya koma tsohon aikinsa. Babu dabarar da ban yi ba. Na raɗa masa, na ƙirga da sauri, har na danne masa hannu da gwiwa, ya ture ni ya tashi.

Daraktanmu Feldkamp mutum ne da ke kuka da asarar kowane taƙi na fim kamar daga jikinsa ake yanka. Ya ce bayan cin abinci za a gwada sau ɗaya. In Kaz ya tashi, ya kama gabansa, kuma zai gaya wa kowa a titin. Na so in shaƙe shi, amma ni ma da iyali.

Da muka tashi cin abinci na ga Loretta ta tare jarumin, Vance Corliss, wani dogo mai gyararren gashi da bai taɓa dukan ko ƙuda ba.

“Ka doke shi da gaske,” in ji ta. “A haɓa, ta hagu. Nan ne ba ya karewa yanzu.”

“Haba, baiwar Allah. In na karya hannu fa?”

Na sa baki na tuna mata maganar likita. Ta juyo ta dube ni. “Mort, kai ka je asibitin? To ni na je. Ka yi ƙirgarka kawai.”

Ƙararrawa ta kaɗa. Kaz ya miƙa haɓa kamar kullum, yana jiran iska. Vance ya kai naushi, ƙarar da na ji kuwa ba ta fim ba ce. Ya faɗi mummunar faɗuwa, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, ba irin tasa mai kyau ba. Na durƙusa ina ƙirga, ina roƙon Allah ya tashi, ina roƙon kada ya tashi. Na kai goma yana kwance.

Sai da aka yi ta sheƙa masa ruwa kafin ya buɗe idanu, ɗaya ba ya bin ɗaya. Feldkamp ya zo yana murna, ya ce bai taɓa ɗaukar faɗuwa irin wannan ba. Ya ce akwai wani fim ranar Litinin, yana son Kaz, amma fa irin ta yau.

Loretta na goge wa mijinta jini da gefen rigarta. Ba ta ɗago kai ba.

“Mun gode, yallaɓai,” ta ce. “Ƙarfe nawa?”