Naman Layyar Da Na Dawo Da Shi Gida

A lokacin na haura hamsin, ina aikin jinya a wani asibiti, ina zaune ni kaɗai a garin Greenbelt, nan ƙasar Turawa. Maigidana ya rasu, 'ya'yana biyu aiki ya kai su wasu jihohi, in na kira su da Hausa su amsa mini da Turanci a gurguje. Ciwon baya ne ya fara kai ni shagon gasa jiki da jan haske, bisa shawarar wata abokiyar aiki. Mutum zai shiga ɗaki, a ba shi tabarau, ya kwanta, jajayen fitilu su yi ta ɗumama shi. Ranar farko sai da na yi kuka a ciki, don ɗumin ya tuna mini da hantsin tsakar gidanmu a Zariya.

Ciwon ya ɗan yi sauƙi, ko hasken ne ko kwanciyar, Allah masani. Amma gaskiya ba shi ya riƙa mayar da ni ba. Akwai wata yarinya a teburin karɓar baƙi, da na shigo za ta kira sunana da fara'a, ta tambaye ni jiki da aiki. Ni kuwa Bahaushiya, an gaishe ni, sai in jingina da tebur in zazzage mata cikina. A zuci har 'yata nake ce mata. Duk Asabar ina can. Matan ƙungiyarmu ta Hausawa da ke garin Clinton suka yi ta kira, yau suna, gobe ta'aziyya, ina ce musu cunkoson motoci a babban titin Beltway ya fi ƙarfin bayana. Da suka gaji suka daina.

Da Babbar Sallah ta zo na yi layya a wata gona kamar yadda muka saba, na soya nama. Na zo rabon abokan arziki sai na yi turus da kwano a hannu, kunya ta hana ni tunkarar matan da na yi watsi da su. Na zuba tsoka zalla, na ci kwalliya, na nufi shagon. Yarinyar ta yi murmushin nan nata, ta ce dokar wurin ta hana su karɓar abinci, kuma ita ba ta ma cin nama. Sai ta leƙa kwamfuta ta karanto sunana, ta tambaya ko zan shiga haske tunda na zo. Ashe kullum haka take yi, ni ce ban lura ba. Na dawo a jirgin ƙasa da kwanon a cinyata da sauran ɗuminsa, ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Ban ga laifin yarinyar ba, aikinta take yi. 'Yan uwana mazauna ƙasar nan, ku gasa bayanku in kuna so, amma gaisuwar shago ba zumunci ba ce. In an kira ku suna ko ta'aziyya, ku je ko da rarrafe. Ni sai da na cinye naman nan tas ni kaɗai kafin na iya ɗaga waya in ba matan haƙuri.