Fasinjojin Malam Kassoum

A Zongon Kwatano, in ka bi lungun da ke bayan masu gasa tsire, za ka tarar da wata rumfar kwano mai tsatsa. Ƙarƙashinta akwai tsohuwar mota ruwan toka, ƙarƙashin motar kuma ƙafafu biyu sun leƙo. Ƙafafun Malam Kassoum ne. Mutanen unguwa sun fi sanin tafin ƙafarsa da fuskarsa, har wasu ba sa wahalar sunkuyawa, ƙafar suke yi wa sallama su wuce.

Bakanike ne tun yana saurayi. A zamaninsa babu mobilet ko besfar da za ta yi tari a unguwar Jonquet ba a turo ta wurinsa ba. Yanzu kuwa 'yan zem, masu acaba da rigar rawaya, ba gyara suke so ba. Abu ya lalace, a cire a jefar, a sa sabo. Shi kuma yakan ce wannan sauyi ne, ba gyara ba, kuma yakan faɗe shi a gaban mai babur, shi ya sa masu zuwa suka yi ta raguwa. Bai damu sosai ba, tunda ya samu lokacin motarsa.

Motar ƙirar Faransa ce mai kujera layi uku, irin wadda ake kira familiyal, ta girmi duk 'ya'yansa. A cikinta yake kwasar matarsa Talatu da yara uku, Farid da Rukaiya da Idrissou, su tafi Kandi garin su Talatu duk shekara. Yana da wata dabarar aiki da babu bakaniken da ke yin ta. Kafin tafiya sai ya sayi shinkafar da za a kai wa surukai, ya ƙulla ta buhu-buhu daidai nauyin kowane yaro, ya rubuta suna da gawayi, ya zaunar da kowane buhu a kujerar mai shi. Sannan ya fita gwaji, yana sauraron sifirin, yana ƙara wa taya iska ko ya rage. A cewarsa motar da aka gwada ba kowa a ciki ƙarya take faɗa maka.

Talatu ta rasu shekara huɗu ke nan. Farid yana aiki a Faransa, Rukaiya tana aure a Abidjan, Idrissou ya bi jirgin ruwa ya zauna a Gabon. Suna kira, ba za a ce ba sa kira ba. Amma duk kiran da aka yi, bayan gaisuwa sai tsohon ya ce, "To kilo nawa kake yanzu?" Su yi dariya su faɗa, sun ɗauka barkwancin tsufa ne. Ba su san ran Lahadi yakan gyara buhunan ba, ya ƙara wa na Farid tiya uku, ya rage wa na Rukaiya, ya tuƙa su zuwa bakin teku a Fidjrossè. Kujerar gaba ba ya sa mata komai. Can yakan sayi ƙosai mai zafi ya ci a cikin mota, yana kallon iyalan wasu suna wasa a yashi. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai a shekarun nan, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Abu ɗaya yake roƙo a bayan kowace salla: Allah ya nuna masa ranar da zai sake ɗaukar yaran nan su uku a motar nan.

Sai ga shi kamar an amsa. Farid ya bugo ya ce sun daidaita hutu, su ukun za su zo kwana biyar, a je Kandi a gaida Hajiya Ummu Salama, yayar mahaifiyarsu, wadda idonta ya mutu tana ta cigiyarsu. Wata guda Malam Kassoum bai ga rana sosai ba. Ya sauke inji ya mayar, ya ɗinke kujerar baya, ya wanke lagireto, har madubi ya goge da toka.

Ranar da suka iso, bayan an ci an sha, Farid ya gyara murya.

"Baba, na yi hayar mota. Sabuwa ce, akwai kilim mai sanyaya ciki, da direbanta. Kujerar gaba taka ce."

"Ga mota a gida, hayar me?"

"Kwana biyar kawai gare mu, Baba. In ta yi mana pan, ta mace a hanya fa? Biyen jirgin da muka yanka ba ya jira."

"Ta taɓa kwana da ku a daji?"

"Sau biyu," in ji Idrissou, yana murmushi.

Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta fi ɓata wa tsohon rai. Mutumin kirki ne Malam Kassoum, amma taurin kai, Allah ya ba shi. Da safe yaran suka buɗe masa ƙofar sabuwar mota, ya tsaya da makullinsa a hannu ya ce su yi gaba, zai cim musu a Bohicon. A ransa yana cewa in suka gan ta a bayansu tana tafiya lafiya lau, da kansu za su sauko su dawo gida. Rukaiya ta roƙe shi har sau uku. Suka tafi, shi kuma ya bi su da shinkafa a kujerunsu.

Bai ko hango ƙurarsu ba. A Allada ya tsaya wurin masu abarba kamar kullum, bakinsa ya ce biyar kafin ya tuna. Ya ji kunyar ragewa, ya karɓa. A Bohicon suka bugo suka ce sun jira rabin awa, direba ya ƙosa. A Dassa ya sayi garin rogo mai tsami irin wanda Talatu ke jiƙa wa yara da gyaɗa. Ya kusa Savè da la'asar, ruwan sama ya rufe wani rami, ya faɗa ciki, sandar da ke juya tayar baya ta karye.

Irin wannan sanda ba a sayar da ita a shago tun tuni. Kwana biyu yana bin ƙauyuka a bayan babur, sai a rana ta uku ya samu gawar mota irin tasa a bayan wani gida, kaji sun mayar da ita akurki. Ya kori kajin ya kwance abin da yake so. Yaran sun ce za su aiko direba ya ɗauke shi, ya ce yanzu-yanzu zai taso.

Yana ƙarƙashin motar da rana tsaka, an ɗora bayanta a kan duwatsu, sai ya ji mota ta tsaya. Su ne, sun gama da Kandi suna komawa, gobe jirginsu zai tashi daga Cadjèhoun. Rukaiya ta miƙa masa kwano: sakwara ce da miyar gyaɗa da wagashi, cukun nan na Fulani, daga wurin matar da suke tsayawa a Parakou tun suna yara. Ta huce, amma ya ci. Yana ci Rukaiya ta leƙa ta taga, ta ga buhu a kujerar tsakiya da sunanta a jiki, na Idrissou a gefensa, na Farid a baya ya cika wuri. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ashe shi ya sa kake tambayar kilo," ta ce.

Ya ci gaba da lasar yatsa.

"Baba, a sauke su. Mu shiga mu zauna ko minti biyar ne, kai ma ka zauna a gaba."

Farid har ya kama hannun ƙofa. Abin da tsohon ya shekara huɗu yana roƙo ke nan, ga shi a bakin titi. Sai ya dubi duwatsun da ke riƙe da motar, bakanike ya riga uba magana.

"Kar ku taɓa, a kan dutse take. Za ta zame. Ku ba ni awa biyu in ɗaura tayar."

Ba su da awa biyu. Direba yana duba agogo, hadari kuma ya haɗo. Suka roƙe shi ya bar ta ya bi su, ya ce ba ya barin mota ba ƙafa a garin mutane, kuma bai gaida Yaya ba. Suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu albarka da hannu mai baƙin mai, suka tafi. Awa ɗaya da kwata ya gama ɗaurin. Ya duba agogonsa, ya zauna a kan dutsen, ya yi kukan da bai yi ba ko ranar jana'izar Talatu.

Washegari da azahar ya shiga Kandi. Hajiya Ummu Salama tana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, tun daga kwana ta juyo da kunne, don ta san kukan injin nan shekara talatin. Ya kashe mota, ya fito, ya rufe ƙofa, ya zo ya durƙusa.

"Yaya, mun same ku lafiya?"

Kanta yana karkace wajen motar, tana jira.

"Yaya, ni ne Kassoum."

"Na sani," ta ce. "Na san yaran sun zo sun tafi, ni na sallame su. Amma da na ji motar, sai na zauna ina ƙirga ƙofofi kamar da." Ta laluba ta kama hannunsa. "Ɗaya na ji, Kassoum."