Yadda Na Goge Kaset ɗin Hajiya

Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin, ina amarya, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na iya jira. Ko shayi ba na bari ya huce. Ban daɗe da gama sakandare ba na auri wani malamin jami'a da gwamnati ta tura Malesiya ya yi digiri na uku, muka tare a wani bene a unguwar Pantai Dalam, hawa na tara. Shi in ya fita tun safe sai magariba, ni kuwa ba abin da nake yi sai girki, kallo da yawon kantuna. Ba zan kama sunan kowa ba a wannan wasiƙa, amma abin da na yi zan faɗe shi yadda yake, don ya daɗe yana ci min rai.

Watanmu huɗu da zuwa aka bugo waya cewa Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta rasu. Bai samu jana'iza ba, bai samu zaman makoki ba. Abin da ya rage masa nata shi ne wani ɗan ƙaramin kaset na kyamarar bidiyo. Ana gobe za mu taso daga Kano ya kafa kyamarar a tsakar gida, ya ɗauke ta tana zaune a kan darduma kusan awa guda, tana sa masa albarka, tana yi masa faɗa kan rashin cin abinci, tana lissafo masa kakanninsu ɗaya bayan ɗaya da garuruwan da suka zauna. Duk duniya babu wani hotonta mai motsi sai wannan. Ya naɗe shi cikin hular ɗaurin aurensa ya sa a durowa, kuma tun rasuwar bai iya kunna shi ba.

Na dame shi da mu juye shi a faifai don 'yan'uwansa mata su samu. Ya ce in yi haƙuri, kyamarar irin sabbin nan ce masu fitar da hoto tangaran, in aka juye a faifan DVD na da rabin kyan zai tafi. Sabbin fayafayan kuwa iri biyu ne ke kokawa a kasuwa a lokacin: Blu-ray mai shuɗin kwali da HD DVD mai jan kwali. Girmansu ɗaya, kamarsu ɗaya, amma injin wannan ba ya karanta faifan wancan, kuma kowanne ya ja kamfanonin fina-finai ɓangarensa. Ya ce dole ɗaya ya mutu, mu jira mu ga wanda zai rage. Na ce masa wannan dai halin 'yan boko ne, sai sun yi bincike kafin su sayi gishiri. Ya yi dariya, ya ce ni dai in bar masa kaset ɗinsa.

Ban bari ba. Wata rana yana fita na zare kaset ɗin, na hau jirgin ƙasa zuwa wani katafaren gini a cikin gari da ba a sayar da komai sai kayan lantarki. A shagon wani dattijo na ga an jibge injina masu jan kwali a bakin ƙofa, an karya musu farashi har ba su kai rabin na shuɗi ba. Ban tambayi kaina dalili ba, murna ma na yi. Da Turancina na sakandare na tambaye shi ko zai iya juye min kaset ɗin a jan faifai, ya ce boleh. Na ce zai yi a Najeriya, ya ce boleh. Na ce zai daɗe, ya ce boleh lah. Ma'anar kalmar a bakinsu ita ce zai yiwu, amma ni a lokacin na ɗauke ta kamar Bahaushe ya ce maka wallahi. Sai daga baya na gane kalma ce da ake ba baƙo don kada a ce masa a'a a gaban idonsa. Mai tasi ma zai ce maka boleh ko bai taɓa jin sunan unguwar ba. Bayan kwana biyu na koma na ɗauko inji da faifai da kaset ɗin.

Ranar Asabar bayan la'asar na zaunar da shi na kunna. Hajiya ta fito a talabijin kamar ka miƙa hannu ka taɓa ta, har zanen lallen hannunta ana gani. Ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba. Da ya natsu ya gode min, sannan ya ce da na tambaye shi da bai zaɓi ja ba, amma ba komai tunda asalin yana nan. Ya tambayi kaset ɗin, na ce yana cikin hularsa. A ranar gaskiya na faɗa.

Bayan sati uku wata maƙwabciyarmu a hawa na shida, matar wani ɗalibi, ta haihu. Na riga na cika wa matan benen baki cewa ni zan ɗauki bidiyon suna. Da safiyar sunan na duba babu sabon kaset ko ɗaya, shagon da ke ƙasan bene kuma ba ya sayarwa. Waya sai shigowa take, ana cewa amarya mai kyamara ko sai an aiko miki da mota ne, har an fara raba waina. Na tsaya gaban durowa na ce wa kaina ai Hajiya tana cikin faifai, faifai kuwa ya fi kaset ƙarko. Akwai wani ɗan maɓalli a jikin kaset ɗin da maigidana ya tura don kada a yi ɗauka a kai. Da farcena na mayar da shi. Na sauka na ɗauki mata suna rawa suna liƙi, na dawo na naɗe shi a hular na rufe durowa.

Ba a yi wata guda ba ya dawo daga makaranta yana min dariya tun daga ƙofa. Ya ce masu jan faifai sun saduda, sun daina ƙera injin gaba ɗaya, uwargida ta zaɓo mana gawa da kuɗinta. Shi ya sa aka karya farashin, 'yan kasuwa sun riga sun hango. Ya ce kada in damu, in ya samu sarari zai kai kaset ɗin a juye a shuɗi. Ina yanka albasa a lokacin, na ce masa to. Wata biyu cur injin nan yana aiki lafiya lau a falonmu, kuma kullum sai na shirya maganar a bakina, in ya shigo sai in tambaye shi ko in zuba abinci.

Sai babbar yayarsa ta bugo daga Kano. Ta ji wani ɗalibi zai taho gida ranar Asabar, tana so a ba shi faifan. Ta sa aka ba ni waya, ta ce amaryar Malesiya kin riƙe mana uwa ke kaɗai, ko so kike sai mun biyo jirgi. Na yi dariyar dole. Maigidana ya ce ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zai kai kaset ɗin. Ranar Laraba na yanke shawarar in riga shi, in kai jan faifan a juye min a shuɗi, in ce masa na hutar da shi. Na saka shi a inji don in tabbatar yana yi, ga hadari ya haɗu irin na yammacin garin nan. Ban cire waya daga bango ba. Aka yi wata tsawa, talabijin ta ɗauke, injin ya yi wari ya mutu da faifan a cikinsa. Mai hankali zai ɗauki injin ya kai wa mai gyara a kwance shi. Ni wuƙar kicin na ɗauko. Na zura na banƙare bakin, faifan ya fito da wani zane mai zurfi tun daga tsakiya har baki.

Washegari na koma wurin dattijon nan. Babu jan inji ko ɗaya a shagon. Ya ɗaga faifan a haske ya juya shi, ya ce tak boleh, wato ba zai yiwu ba. Na ɗaga masa murya har mutane suka tsaya, na ce ba shi ya ce min boleh ba. Bai yi fushi ba. Ya ce na ce ya juye, ya juye, sannan ya tambaye ni ina asalin kaset ɗin, ai shi ake ajiyewa. Na bi ginin nan hawa-hawa, shago-shago, har na samu wani da ya ajiye jan inji ɗaya a bayan kanta. Ya saka faifan. Faifan ya yi ta juyi yana ƙara, allon baƙi ƙirin. Sau huɗu na sa shi ya sake, har ya ce min madam ya isa.

Ranar Juma'a ya gama shirin masallaci, ya sa turare, ya jawo durowar. A nan na faɗa masa, a tsaye, daga bakin ƙofa. Bai yi tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya tambaye ni yaushe aka yi sunan, na faɗa. Ya tambaya ko kafin ranar da ya zo yana min dariya ne, na ce kafin. Ya zauna a bakin gado ya ce duk wata biyun nan da na buɗe baki, waya ɗaya zai jona daga injin zuwa kwamfutarsa, a awa guda an gama. Ya ce gogewar zai iya kiranta yarinta, amma shirun bai san sunan da zai ba shi ba. Da ya dawo daga masallaci ya kira yayarsa a gabana, ya ce mata kaset ɗin ya lalace a hannunsa. Ina jin kukanta daga inda nake tsaye, tana ce masa karatun nasa bai amfana masa komai ba.

Bayan kwanaki ya kunna kaset ɗin shi kaɗai, ya zauna ya kalli bikin sunan nan duka har ƙarshe. Ashe ɗaukata ba ta cinye zaren ba. Ana gama hayaniyar mata sai ga Hajiya ta miƙe daga darduma, tana laluben takalminta ɗaya, tana tambaya ko abin nan har yanzu yana kallonta, tana ce wa wata a cikin gida ta rufe tukunya. Minti uku ne ba cika. Babu albarkar, babu sunan kaka ko ɗaya. Abin da aka aika Kano ke nan, kuma abin da 'ya'yana suka sani na kakarsu ke nan. Yayar tasa har yau laifin ƙaninta take gani, shi kuma ya hana ni gyara maganar.

Muna tare har yanzu, ya yafe min, amma duk ranar da ɗanmu ya tambaye shi sunan kakan kakansa ya shiga ƙoƙarin tunowa, ni tashi nake in bar falon. 'Yan'uwana mata, abin da babu na biyunsa kada ku goge asalinsa don an ce muku an juye a sabon abu, komai kyan sabon. Injina mutuwa suke yi, kamfanoni kuma ba sa shawara da ku kafin su daina. In kuwa har kin riga kin yi ɓarnar, ki faɗa a ranar, tun abin yana gyaruwa. Kunyar yini ɗaya na guje wa, na jawo wa gida guda rashin muryar uwarsu.