Shekarar da Yaya Ya Hana Kiran Magini

Babanmu ya rasu a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Mu biyu ya bari maza, ni da yayana, sai mahaifiyarmu da muke kira Inna. Ƙauyenmu yana kusa da Kunci, inda gona ke manne da gona, har in ka yi atishawa a taka, maƙwabcinka ya yi maka addu'a daga tasa. Kamar yadda aka saba, gandu ya koma hannun Yaya. Ni da matata muka ci gaba da zama a ƙarƙashinsa, abin da ya yanke shi ake yi.

Yaya ba mugu ba ne, kuma ba rago ba ne. Abin da ya ɓata shi fatauci ne. Shekara huɗu ya yi yana bin ayari da jakuna, kuma a hanya in mangala ta yage kai za ka ɗinke, in igiya ta tsinke kai za ka tufka, don babu mai sana'a a tsakiyar daji. Daga nan ya dawo da imanin cewa duk abin da hannun wani ya yi, nasa ma zai yi.

Bayan sadakar arba'in ya tara mu a tsakar gida.

Ya ce, "Daga yau babu mai sana'ar da zai ƙara cin hatsin gidan nan a kan abin da za mu iya yi da kanmu. Baba mutum ne mai kunya, shi ya sa kowa ya mai da gidan nan makiyaya."

Inna tana cikin takaba a lokacin, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Yaya ɗanta ne na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Ni ta kalla ta ce, "Ka gaya wa wancan, ubanku dai bai mutu da yunwa ba."

Yaya ya yi kamar bai ji ba.

Gaskiya ɗaya ce, da farko abin ya yi amfani. Na koyi sassaƙa ƙotar fartanya, na koyi tufkar igiyar guga da rama, muka gyara dangar bayan gida ba mu nemi kowa ba. Har na fara cewa a raina ko Yaya yana da gaskiya. Sai babbar ƙwaryar Inna ta tsage, wadda take dama fura a ciki tun muna yara. Gyartai yana bi ta ƙofar gidanmu kowace ranar kasuwa yana kiran masu fasasshiyar ƙwarya, amma Yaya ya ce a bar shi ya wuce. Ya zauna yini guda da basilla yana huda ƙwaryar nan yana ɗinki. Da aka zuba ruwa sai ya riƙa fita ta tsagar, ya kuma riƙa fita ta kowace huda da ya yi. Ƙwaryar ta koma ta zuba wa kaji dusa. Yaya ya ce dama ta tsufa.

Da abin ya tsaya a ƙwarya da ban rubuta wannan ba. Babban rumbunmu na ƙasa, wanda muke zuba dawa, gara ta ci gindinsa, ya kuma tsage daga baki har ƙugu. Wanda ya gina shi wani tsohon magini ne daga wajen Makoɗa, abokin Baba tun suna samari. Da ya zo mana gaisuwar mutuwa ya zagaya bayan rumbun, ya zura hannu cikin tsagar, ya ce wannan ya wuce yaɓe, sai sabo, kuma in ruwa ya ɗauke zai zo ya tayar mana da wani kafin a yanke dawa. Ruwa na ɗaukewa kuwa ya aiko a tambaya ko mun shirya.

Yaya ya ce wa ɗan saƙon, "A ce masa mun gode, mun hutar da shi."

Na jira sai da muka keɓe na ce, "Yaya, ka taɓa gina rumbu?"

"Na sha ganin ana ginawa."

"Ni ma na sha ganin ana yi wa mutane ƙaho, amma ban taɓa kama bayan wani na tsaga ba."

"Kai matsalarka tsoro. Mene ne rumbu? Ƙasa ce da ruwa. Mu biyu ƙarti, a ce sai mun jira tsohon da ko tsugunawa ba ya iya yi sai da dafa bango?"

A nan na fara gane cewa in Yaya ya ce "mu", ni yake nufi. Ni na yi ta jigilar ƙasa daga kududdufi da jaki. Ni na yi ta ɗebo ruwa. Ni na shiga cikin kwaɓin nan da ƙafa ina takawa tun hantsi har azahar, har fatar ƙafata ta yi fari ta farfashe. Yaya yana tsaye a gefe da sanda yana nuna mini inda ban taka sosai ba.

Na tuna lokacin da aka gina tsohon rumbun ina saurayi, maginin yakan zuba ramno, wato dakakkiyar ciyawa, da kashin doki a cikin ƙasar, ya rufe ta, ya bar ta kwana da kwanaki har ta fara wari kafin ya taɓa ta. Na kuma tuna ba ya ɗora fiye da zagaye ɗaya ko biyu a yini, sai ya bari ya sha iska. Na gaya wa Yaya.

Ya yi dariya ya ce, "Wannan dabarar masu sana'a ce. Suna jan aiki ne don kwanaki su yi yawa a yi ta kai musu tuwo da fura. Miƙo mini ƙasa."

A ranar da aka kwaɓa ƙasar a ranar ya fara ɗorawa. Kafin la'asar ginin ya kai mini ƙirji. Yaya ya ja da baya yana kallonsa yana kaɗa kai, ya ce wannan aikin da tsohon ne sai ya ci kwana bakwai. Washegari da rana ta take, muna cin abinci a inuwa, muna kallo ginin ya fara kumbura ta gindi, ya yi ciki, ya zauna a hankali kamar tuwon da aka kwashe bai dahu ba. Ko ƙara bai yi ba.

Yaya ya ajiye cokalinsa ya ce, "Ka cika ruwa."

Na tashi na fara kwashe ƙasar. Wanda ya taso a gandu ya san ba a mayar wa babba magana, amma ranar furar ma ɗaci ta yi mini.

Muka sake. A karo na biyu aikin gona ne ya cece mu daga saurin Yaya, don dole mu bar ginin mu tafi roron wake, sai ya riƙa samun bushewa ba da son ran Yaya ba. Rumbun ya tsaya, amma a karkace, ya sunkuyo ta wajen ɗakin Inna. Wani maƙwabcinmu ya leƙo ta kan danga ya tambaya ko rumbun namu ruku'u yake yi. Abin da ya fi damuna shi ne gindin. Rumbu a kan duwatsu ake ɗora shi, a shimfiɗa itace mai ƙarfi a kai. Yaya ya ce itacen ƙirya yana da wuyar samu, ya sa na sassaro rassan ceɗiyar ƙofar gida. Na ce ceɗiya ba ta da ƙarfi, ko yaro ya sani. Ya ce in ta bushe za ta yi.

Aka yanke dawa, shekarar kuwa Allah ya ba da albarka. Muka loda ta a ciki har baki, muka kifa jinka. Yaya ya riƙa kawo baƙi har tsakar gida yana nuna musu. Rumbun ya yi kusan mako uku yana tsaye.

Wata safiya da hantsi matata tana daka, ni ina gyaran turken jaki, Inna kuma ba ta jima da tashi daga gindin rumbun ba, inda take shan rana. Sai muka ji ƙas, sannan wani gurnani, gindin ya ɓurme, bangon ya dare gida biyu, dawar shekara guda ta kwararo tsakar gida. Ɓaraguzan suka faɗi daidai kan tabarmar da Inna ta bari. Kafin mu dawo hayyacinmu kajin unguwa sun iso, awakin maƙwabta sun ɓarke dangar da muke alfahari da ita. Yini muka yi muna kora muna kwashewa. Muka cika zaure, muka cika ɗakina, har ya zama ni da matata da kyar muke samun wurin shimfiɗa. Ɓeraye kuwa suka yi sallah, don abin da suka ci a watan nan zai ciyar da mutum guda har bazara.

Yaya ya duba ɓaraguzan ya ce duwatsun ne suka nutse.

Inna ta riga ta fita takaba, bakinta kuma ya buɗe. Ta ɗaga tabarmarta daga ƙarƙashin ƙasa, ta kakkaɓe, ta ce da ni, "Ka gaya wa wancan, in so yake ya haɗa ni da ubansa, ya bari Allah ya yi da kansa. Gobe a kira mai aikin."

Wa za a aika? Ni. Yaya ya ce ƙafarsa tana ciwo.

Na yi tafiyar rabin yini na sami tsohon yana yaɓen soron wani mai hali. Ya amsa gaisuwata bai juyo ba, ya bar ni a tsugune har ya gama bangon da yake kai. Sannan ya wanke hannu ya zauna.

Ya ce, "Labarin rumbunku ya riga ka isowa. Wa ya kwaɓa ƙasar?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya ɗora?"

"Yaya."

"To, kai ka sha wahala, shi ya sha suna. Zan zo saboda ubanku, ba saboda shi ba. Amma ladana ba zai zama na da ba, yanzu rani ne, kowa nemana yake. Kuma bayana ya gaza, kai za ka zama hannuna."

Ya zo bayan kwana biyar, ko da yake uku ya ce. A nan na sha wani sabon takaici, don na ga ashe Yaya bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Tsohon nan yana da nawa. Ba ya taɓa ƙasa sai ya sha fura, ya ci goro, ya ba da labarin yadda shi da Baba suka taɓa ɓata a hanyar Zakirai. Ana tsakiyar aiki ya tafi sunan jikarsa ya yi kwana uku. Ga faɗa. In na miƙa masa curin ƙasa ya yi tauri laifi ne, in ya yi laushi laifi ne. Ya sa na mayar da lodi huɗu na ƙasa kududdufi, wai na ɗebo ta gefen da yashi ya yi yawa, alhali a idona duk ja ce iri ɗaya.

Amma hannunsa ya san abin da yake yi. Yakan murza ƙasa tsakanin yatsu ya san ko ta kwana isasshe. Yana zagaya ginin yana shafa shi ciki da waje, kaurin bangon bai taɓa bambanta ba, ba tare da ya gwada da komai ba. Yaya yakan zo ya tsaya yana ba da shawara. Tsohon yakan ce, "Mai gida, rana ta yi zafi, a shiga inuwa." Sau uku ya faɗa masa haka a yini ɗaya, ranar kuwa hazo ya rufe rana.

A hannunsa na koyi kwaɓi na gaskiya, na koyi yaɓe, na koyi jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a shafe bango don ruwa kada ya ci shi, na koyi gane hanyar gara tun tana siririya. Da aka gama na roƙe shi ya koya mini ginin gaba ɗaya.

Ya ce, "Ka bar gona ka bi ni shekara bakwai, sai mu gani. In ba za ka iya ba, ga abin da zan bar maka. Tsagar da yatsanka bai shiga ba taka ce, ka toshe abinka, kada ka ɓata mini tafiya. In ya shiga har gaɓa biyu, tawa ce."

Ban bar gona ba. Da wannan gwajin na yatsa nake aiki har yau, kuma rumbun da ya gina mana ya kai jikokina. Dawar da muka ba shi ta fi wadda da za mu ba shi tun farko, ban da wadda awaki da ɓeraye suka ɗauka ba su yi aikin komai ba. Duk da haka na ji Yaya da kunnena a ƙofar masallaci yana gaya wa mutane cewa mun gina sabon rumbu, mun ɗan kira tsohon nan ya kama mana. Na sunkuyar da kai na nemi takalmina.

Da bazara ta kama ruwan rijiyarmu ya ja baya, guga ya fara fitowa da laka. Wata rana na dawo daga gona na tarar da Yaya ya kifa ciki a bakin rijiya yana leƙawa, ga doguwar igiya a kafaɗarsa. Ya ce yasar rijiya ba wani abu ba ne, mutum ɗaya ya sauka, ɗaya ya riƙe igiya, kuma tunda na fi shi rashin nauyi ni ya kamata in sauka.

Inna ta ji daga ɗaki. Ta fito da audugarta da mazarinta, ta zauna a kan bakin rijiyar ta fara kaɗi. Ta ce da ni, "Ka gaya wa wancan, duk wanda zai shiga rijiyar nan daga cikinku, ta kaina zai bi."

Wannan karon ban nemi izinin kowa ba. Na ɗauki sandata na tafi Kunci na zo da masu yasar rijiya mutum biyu. Suka yi aikinsu a yini ɗaya, ruwa ya dawo garau. Yaya ya wuni tsaye a kansu yana nuna wa na sama yadda ake riƙe igiya.