Guntu a Garkar Jiratawa

Ranar wata Juma'a ce, bayan an gama ɗaurin gero a shekarar da na cika goma sha biyu, na dawo daga yankan ciyawar tumaki na tarar da wani baƙo a ƙofar gidanmu a unguwar Zariya ta garin Maraɗi. Ya jingine kekensa da bango. A bayan keken an ɗaure keji na waya, a gaba kuma sababbin robobin wanka, ja da shuɗi. Duk yaron Maraɗi ya san irin waɗannan mutane: suna bin unguwa-unguwa suna karɓar karnuka su ba da roba, kuma karen da ya shiga kejinsu ba a sake ganinsa. Baba na tsaye da rigarsa ta masallaci, igiyar karena Guntu a hannunsa. Kwana guda kafin nan Guntu ya tsinke igiya ya yaga wa akuyar maƙwabcinmu cinya, an kawo ƙara har zaure. Na sauke ciyawar na koma gefe, don a gidanmu yaro ba ya sa baki in Baba ya yanke magana. Allah ya sa Kawu Idi, ƙanen Inna, ya kawo zogale kasuwa daga Jiratawa, ya biyo gaisuwa da amalankensa. Ya dubi karen, ya dube ni, ya ce, "Malam, bar mini shi. In karnukana sun karɓe shi, ya zauna garka. In sun ƙi, ni da kaina zan kira mai keken." Baba ya yarda, amma ya ce zai zo ya gani da idonsa kafin dashen albasa, don ba zai kai wa surukinsa fitina ba. Kawu ya roƙa a bar ni in bi su in taya shi aikin garkar, wato lambunsa, Baba ya amince.

Guntu ɗan garin Tsibiri ne. Wani mahalbi da ke maƙwabtaka da kakata a can ya ba ni shi yana ɗan kwikwiyo, bayan ya yanke masa kunnuwa da wutsiya, yadda mahalba ke yi don kada ƙaya ta yage su, kada kuma naman daji ya samu wurin kamawa. Daga nan sunansa ya fito. A gidanmu bayan ɗaki aka ɗaure shi, kusa da turken tumaki, don ya tsare buhunan hatsin da Baba ke sayarwa. Inna ba ta yarda ya kusanci madafa ba. Kaskonsa daban ne, kuma in ya lashe ni sai na wanke wurin da ƙasa kafin ta bar ni in taɓa kwano. Ni ba a sa ni lakwal ba, wato makarantar boko. Da safe in je makarantar allo, in dawo in ɗebo ruwa a famfo, in kai wa Baba fura kasuwa, da la'asar mu yi langa ko mu kora gare a layi har a kira magariba. Duk inda na je, sai na dawo wa Guntu da wani abu, ko ƙashi daga wurin mahauta ko ƙanzon tukunya. Ya san tumaki, ya san kaji, ya san takun kowa a gidan. Abu guda ne bai taɓa yi ba tun da aka raba shi da uwarsa: bai taɓa tsayawa kusa da wani kare ba.

Garkar Kawu tana gefen magudanar ruwa, kewaye da shingen ƙaya, ciki da zogale da tumatir da tattasai. Karnuka biyu ke tsaron ta: wata tsohuwar karya ja da Kawu ke kira Magajiya, da wani baƙin kare mai faɗin ƙirji, Duna. Washegarin zuwanmu na ɗauki Guntu na nufi ƙofar garka kai tsaye, na naɗe igiyar a hannu na ja ta tam don kada ya kufce. Na ga Duna yana kaɗa wutsiya, sai raina ya yi fari, na ce ai maraba yake yi. Kafin in rufe baki sun sarƙe. Sai da Kawu ya watsa musu bokitin ruwa suka rabu, Guntu na jini a kafaɗa, fangalin tumatir guda ya lalace. Kawu bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi lokacin dashe ya kusa.

Matar Kawu, wadda duk muke kira Goggo Hajo, ita ce mai ba karnukan abinci tun suna ƙanana. Tana wanke wa Guntu ciwon da ruwan gishiri ta tambaye ni abin da na gani kafin faɗan. Na ce wutsiya na gani tana kaɗawa. Ta ce a sama take ko a ƙasa, da sauri ko a hankali, bakinsa a buɗe ko a rufe? Ban sani ba. Ta yi dariya ta ce, "Kai haƙora kake jira. Haƙora ai su ne ƙarshen magana." Ta ce wutsiyar da ta miƙe sama ta sandare tana motsi kaɗan-kaɗan gargaɗi ce, ba maraba ba. Sannan ta nuna mini abin da ban taɓa tunani ba. Kare da kunne da wutsiya yake ba ɗan'uwansa haƙuri: ya kwantar da kunnuwa, ya sauke wutsiya. Guntu ba shi da ko ɗaya, don haka ko tsoro yake ji, a idon Duna tsaye yake ƙyam kamar mai neman rigima. Ga shi kuma na ja igiya na ɗaga masa kai da ƙirji, na kai shi fuska da fuska har ƙofar gidan wani.

Daga ranar aikina ya ƙaru. Da safe in taya Kawu buɗe ruwa da cire ciyawa, in rana ta yi sanyi kuma Goggo ta sa ni in zauna a kan tudun magudana in yi ta kallon Magajiya da Duna. Da farko ban ga komai ba sai karnuka biyu a kwance. A hankali na fara lura. In Duna ya matsa wa Magajiya, takan kau da kai gefe ta lashi hancinta, shi kuma ya ja baya. In karen wata garka ya zo wucewa, ba sa tunkararsa a miƙe, sai su yi gewaye su zo masa ta gefe, su fara da shinshina bayansa. Wani lokaci Duna ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ko ya girgiza jiki kamar wanda ya fito daga ruwa, sai in ga duk tsaurin jikinsa ya sauka. Na koma kan Guntu na nemi abin da ya rage masa na magana. Ashe yana da shi da yawa: gashin gadon bayansa da ke tashi, fatar goshinsa da ke tattarewa, farin idonsa da ke bayyana in ya tsorata, da inda yake ɗora nauyinsa, ƙafafun gaba ko na baya. In kuwa murna yake yi, tun da babu wutsiyar kaɗawa, duk ƙugunsa yake kaɗawa.

Goggo ta ɗauki buhun da Guntu ke kwana a kai ta jefa cikin garka, ta kawo masa nasu, don su saba da warin juna. Bayan haka muka fara fita da su cikin yashin gulbi, inda ba gidan kowa ba ne. Ita tana gaba da nata biyun, ni ina can gefe da Guntu, duk muna fuskantar wuri guda, igiya a sake tana jan ƙasa. In ya rufe baki ya kafa musu ido, in ƙara nisa. In ya sunkuya yana shinshina yashi, in matso kaɗan. "Kada ka yi masa sauri," in ji ta, "shi ma baƙo ne a yaren." Wata rana mukan dawo ba mu ci gaba ko taku ɗaya ba, in kwanta ina tuna kejin nan na waya. Amma akwai yammacin da Magajiya ta ratso ta shinshina gefensa ta wuce abinta, shi kuma ya girgiza jiki ya bi ni da baki a buɗe.

Baba ya zo da hantsi ranar da Kawu ya fara ciro irin albasa. Bayan gaisuwa muka gangara gulbi gaba ɗaya, Baba na riƙe da sandarsa. Goggo ta ce in kwance igiyar. Magajiya ta zo ta gefe, ta shinshina, ta tafi ta kwanta. Sai Duna ya taho a hankali, wutsiya sama, ya ɗora haɓarsa a kan kafaɗar Guntu, daidai wurin tabon. Guntu ya sandare, gashin bayansa ya tashi. Hannuna ya kai ga wuyansa, Goggo ta riƙe mini riga. Can sai Guntu ya kau da kai, ya lashi hanci, ya yi wata doguwar hamma. Duna ya sauke haɓa. Guntu ya yi tsalle baya, ya zube ƙirjinsa ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama yana kaɗa shi, irin yadda yake yi mini in na dawo da ƙashi. Nan take suka kwasa da gudu, suka kama kokawa, yashi na tashi, gurnani kamar za su cinye juna.

Baba ya ɗaga sanda ya nufe su. Ban san lokacin da na sha gabansa ba. "Baba, wasa ne." Ya tsaya ya dube ni, don ban taɓa tare shi ba. "Kai yaron ga, wanga gurnanin ne wasa?" Na ce ya dubi bakinsu a buɗe yake, jikinsu a sake, kuma karɓa-karɓa suke yi: yanzu Duna ne a ƙasa, ga shi ya tashi Guntu ya kwanta da kansa. Na ce in faɗa ne babu mai yarda ya ba da cikinsa. Muna cikin haka suka tsaya, kowa ya yi atishawa, suka sake kwasa. Baba ya daɗe yana kallo. Daga baya ya sauke sandar ya dogara da ita, ya ce wa Kawu, "To, Idi, ka samu ɗan garka." Kawu ya ce biyu dai ya samu, in za a bar masa mai igiyar ma. Guntu ya rayu a Jiratawa har bakinsa ya yi furfura, kuma duk zuwan da na yi tare da Duna nake tarar da shi, kwance a inuwar zogale.

Yanzu ni ke zaune a rumfar hatsin Baba, Allah ya jiƙansa, shi da Goggo Hajo. Unguwarmu ta cika da dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe, a bayan wasu akwai manyan karnuka da aka sayo daga nesa, kowanne shi kaɗai da sarƙarsa, yana haushin baburan kabu-kabu tun safe. In na ji su nakan tuna Guntu a bayan ɗakinmu. Da yamma ina zuwa ajin karatun manya, kuma duk lokacin da malaminmu ya ce kada mu maƙale a harafi guda, mu dubi kalmar gaba ɗayanta, muryar Goggo nake ji a bakin magudana. Kwanan baya autana ya shigo da kwikwiyo a cikin riga, wani ya ce a kai a yanke masa kunne don ya yi zafi. Na ce a bar masa kunnuwansa da wutsiyarsa, zai buƙace su. Ranar Juma'a mukan kai shi gulbi tare da karyar maƙwabcinmu, igiya a sake, yaron na gaba ina biye. Ban faɗa masa komai ba tukuna, na bar shi ya fara da kallo.