Ranar da Babana Ya Yi Magana a Majalisar Dattawa

Ko tsufa zai kai ni inda zan manta sunayen jikokina, ban jin zan manta tafiyar da na raka mahaifina Abuja. A lokacin ba a daɗe da fara shari'a a jiharmu ba, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Zango. Baba yana gida a garinmu Babban Mutum da 'yan shanunsa da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Babban garken gidanmu ya riga ya tafi. Ƙanen Baba, wanda muke kira Baffa, shi ya kora su kudu da iyalinsa bayan gonaki sun cinye burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya. Kowace damina sai an yi ɓarna, an je gaban alƙali, har Baffa ya gaji ya ce ba zai zauna ya ga ranar da za a zub da jini ba.

Sanatanmu na wancan lokaci tsohon malamin makaranta ne, siriri, marar yawan magana. Ya zo garinmu ba lokacin zaɓe ba, abin da ya ba kowa mamaki. Ya zauna a tabarma ƙofar gidan dagaci da littafi a cinyarsa, yana tambayar dattawa inda burtali ya bi da inda ya mutu, yana rubutawa. Ya ce yana shirya ƙudurin da zai sa a shata hanyoyin shanu a kafa musu duwatsu. Da Baba ya gama nasa bayanin, sai Sanata ya rufe littafin ya ce, "Baba, wannan maganar ba a bakina ya kamata su ji ta ba. Za ka zo ka faɗa musu da kanka?"

Haka muka hau motar haya daga Daura, ni ne tafinta. Duk hanya ina bitar Turancina, Baba kuwa yana kallon shanun mutane ta taga yana faɗin wace ce mai ciki, wace ce ba ta ƙoshi ba.

Ɗakin da kwamiti ya zauna jin ra'ayin jama'a sanyi ne da shi kamar randa. Manyan mutane sun yi ta karanta takardu, kowa da mintinsa biyar. Da aka kira Baba, ya miƙe da rawaninsa ya fara a natse. Ya ce yana yaro garke biyu kan wuce juna a burtalinmu ba su gogi juna ba, yau kuwa saniya in ta kaɗa wutsiya sai ta taɓa geron wani. Ya tsaya yana jira in fassara. Ni kuwa na buɗe baki, Turanci ya gudu. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Sanata ya jawo abin magana gabansa ya nemi izinin shugaban zama, ya ce shi zai fassara. Ya dube ni ya ce, "Malam, zauna ka huta. Ci gaba, Baba."

Na zaci Baba zai kai ƙarar manoma. Bai yi ba. Ya ce manomin da ya nome burtali maƙwabcinsa ne, sahu ɗaya suke salla, 'ya'ya ne suka yi masa yawa gona kuma ta gaji. Sai wani sanata daga kudu ya tambaya, shi yanzu me yake so majalisa ta yi masa? Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ƙanena nake so ya dawo gida. Mu biyu muka rage wa uwarmu. Shekara huɗu ke nan ina cin tuwo ni kaɗai."

Sanata ya fara fassarawa, sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya sake farawa. Masu duba waya duk suka ɗago kai.

Bayan mun dawo, Baba ya zama ɗan rediyo. Da la'asar ta yi sai ya jingina da dalbejiyar ƙofar gida yana jiran labaran majalisa. Ranar da aka ce ƙudurin ya tsallake karatu na biyu, ya sa na rubuta wa Baffa wasiƙa cewa ya fara shiri. Har ɗakin Baffa ya sa aka sake wa jinka.

Wa'adin majalisar ya ƙare ƙudurin bai kai ga zama doka ba, Sanata kuma bai koma majalisa ba. Bai aiko kowa ba, da kansa ya zo. Ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi iyakar yina, ban kai ba. Ka yafe mini." Baba ya kama hannunsa ya ce, "Ai ka kai ni inda aka saurare ni. Allah ya yi maka albarka."

Baffa ya dawo bayan shekara uku, amma ta'aziyyar Baba ce ta kawo shi. Ya tsaya bakin kabarin yayansa ya yi masa addu'a, kwana bakwai ya koma wurin shanunsa. Sanata ma ya rasu tuni.

Ina kewar su duka ukun, na kusa da na nesa. Da ina ɗauka doka takarda ce da manya ke yi wa kansu. Tafiyar nan ta koya mini cewa bayan kowane ƙuduri akwai wani tsoho a wani ƙauye da ke jiran nasa ya dawo, kuma wakili na gaskiya shi ne wanda bai manta da wannan tsohon ba, ko ya ci nasara ko bai ci ba.