Haƙoran Kan Sarki

An yi watanni da rasuwar Baba, amma har yau in na ji ƙarar almakashi sai in tashi in bar wurin.

Baba ma'aikacin gandun daji ne a nan Birnin Kebbi. Ba ya zaman dara, ba ya yawon majalisa. Abin da ya ɗauke masa hankali kan sarki ne, shi ma ba kowane ba, sai irin wanda ake bugawa don tunawa da masanan da suka ƙarar da rayuwarsu wajen bin tsuntsaye da tsirrai. Ga fuskar wani tsoho mai gemu, a gefensa ga tsuntsu ko wani fure da ba mu da irinsa. Abokan wasiƙa ke aiko masa daga ƙasashen waje. Yakan jiƙa ambulan, ya ɗago kan sarkin da matsefata, ya shanya a inuwa, sannan ya jera a wani kundi. Duk gidanmu na Nassarawa ni kaɗai nake zama kusa da shi in yana wannan aiki.

“Duba bakinai,” yakan ce mini, yana nuna tsaga-tsagan nan na gefe. “Haƙoran ga su ne darajatai. In guda ya hita, ya zama takarda.”

Da daminar bara cikinsa ya kumbura. Likita ya ce sai an kai shi Sakkwato an yi masa aiki. A shekarar gulbi ya cinye mana shinkafar fadama, ba mu da abin sayarwa. Sai Baba ya tuna da wani malamin sakandare Ba'indiye a Argungu, wanda ya daɗe yana roƙon a sayar masa da kundin. Ya ce in kai masa.

Goggo, yayar Baba, ta zo jinya daga ƙauye. Albasa take sayarwa tun ƙuruciya. Ta ga na fito da kundin, ta tambaya, na ce sayarwa za a yi. Na bar shi a kan gado na tafi kai wa Baba kunu asibiti. Da na dawo da hantsi na tarar ta naɗe shi a sabon ɗankwalinta, ta ƙulle tam.

“Na kimtsa miki shi,” ta ce. “Tahi, Allah shi ba da kasuwa.”

Na ɗauka naɗin take nufi. Haka na rungume shi a mota har Argungu.

Malamin ya yi murna ƙwarai. Sai da ya wanke hannu, ya goge, sannan ya kwance ƙullin. Ya buɗe shafin farko, sai ya tsaya. Na leƙa. Kowane kan sarki gefensa ya miƙe sumul, an bi shi da almakashi, babu haƙori ko ɗaya. Waɗanda tambarin gidan waya ya hau kansu kuma an goge su da jiƙaƙƙen tsumma, fuskokin tsofaffin sun dame. Ya yi ta juya shafi yana neman wanda ya tsira, har ya kai bango. Ya rufe, ya turo mini da hannu biyu, ya ce in yi wa Baba sannu. Ban san yadda na isa tasha ba.

Na tarar da Goggo a kan tabarma a barandar asibiti.

“To, ɗiyata, ya yaba? Aradu idona kamar shi hito, abu ƙanana-ƙanana, amma ban bar ko guda da geza ba. Ko albasa ai sai an yanke mata saiwa an goge ƙasa kahin a kai ta kasuwa.”

Na ce malamin ya yi tafiya.

Baba ya ga ƙullin a hannuna. “Miƙo,” ya ce. Idanunsa sun riga sun yi rauni, don haka da ɗan yatsa ya bi gefen na farko, ya bi na biyu. Ni kuwa na dafa ƙarfen gado.

“Yaya,” ya kira Goggo, “ke kinka gyara su?”

“Ni ce mana. Wa kake da shi in ba ni ba?”

“Kin sha aiki. Allah shi saka da alheri.”

Da ta fita alwala ya kama hannuna. “Kak ki hwaɗa mata.” Sai ya juya fuskarsa bango.

An zagaya dangi, abin da aka samu bai kai ba. Ba a je Sakkwato ba. Kafin ruwa ya janye daga fadama aka kai shi makwancinsa.

Wajen rabon gado babu wanda ya nemi kundin, aka bar mini. Yana ƙasan akwatina, ban sake kwance shi ba. Duk ranar kasuwa in Goggo ta shigo gari sai ta biyo ta gidanmu, ta ajiye mana albasa, ta tambaye ni ko Ba'indiyen nan ya dawo daga tafiya. Nakan ce bai dawo ba tukuna.